Yadda Ake Shirya Kwamfutar Rubuta Manhaja Don Furosesa Mai Zubin ARM64

Wanda ya samu sabuwar kwamfuta mai furosesar ARM64 (furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta da ke aiwatar da umarni), ya kwashe kayan aikinsa daga tsohuwa ya zuba a cikinta, yakan ga komai yana tafiya daidai a ranar farko, har ya ɗauka ƙaura ta kammala. Matsala takan ɓullo ne daga baya, lokacin da wani laburare (tarin kod da manhaja ke jawowa ta yi aiki da shi) ya ƙi buɗuwa, ko gina manhaja ya riƙa jan lokaci fiye da kima, ko kwantena (manhajar da aka ƙunshe tare da duk kayan da take buƙata) da aka gina lafiya ƙalau ta ƙi tashi da aka kai ta saba, wato kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima. Idan aka bi diddigi, tushen kusan kullum ɗaya ne, wato cakuɗa: wani ɓangare na kayan aikin yana gudana da sabon zubi, wani kuma yana nan da tsohon zubi ba tare da mai kwamfutar ya sani ba. Wannan jagora ta ginu ne a kan kawar da wannan cakuɗa, daga ƙasa zuwa sama, tare da tabbatar da kowane mataki da ido kafin a wuce zuwa na gaba.

Abin da ake nufi da zubin furosesa shi ne jerin umarnin da take ganewa, kamar a ce harshen da aka haife ta da shi. Zubin x86-64, wanda kamfanin AMD ya fito da shi kasuwa a 2003, shi ne ya daɗe yana riƙe da kwamfutocin aiki da sabobi. Kamfanin Arm ya sanar da nasa zubin mai bit 64 a 2011, ya fara yaɗuwa a wayoyi da iPhone 5s a 2013, sannan Amazon ya kawo shi sabobinsa da Graviton a 2018, Apple ya saka shi a kwamfutocin Mac da M1 a Nuwamba 2020, kwamfutocin Windows masu Snapdragon X kuma suka biyo baya a 2024. Tun daga nan ya kamata a riƙe cewa kowane zubi yana da suna fiye da ɗaya. Abin da macOS da Docker da Go ke kira `arm64`, shi ne Linux da Java da Rust ke kira `aarch64`. Haka nan `x86_64` da `amd64` da `x64` duk abu ɗaya ne.

Dalilin da ya sa cakuɗa ke ɓuya shi ne akwai tafinta a tsakani. A macOS sunansa Rosetta 2, a Windows 11 akwai Prism, a Linux kuma akan yi amfani da QEMU. Aikin tafinta shi ne ya karɓi manhajar da aka gina don x86-64 ya juya umarninta zuwa na ARM64, kuma Rosetta 2 ta ƙware har mutum kan yi watanni bai lura ba. Sai dai akwai ƙa'ida guda da ba ta lanƙwasuwa a macOS da Linux: manhaja ɗaya mai gudana, zubi ɗaya take bi, ita da duk laburaren da ta jawo. Python na ARM64 ba zai taɓa buɗe laburaren x86-64 ba, haka ma akasinsa. Yawancin saƙon kuskuren da za a gani a ƙasa, daga wannan ƙa'ida ya samo asali.

Mataki na farko: san da wane zubi tagar umarninka take gudana

Buɗe tagar umarni ka rubuta `uname -m`. A Mac mai sabuwar furosesa ya kamata ka ga `arm64`, a Linux kuma `aarch64`. Idan kwamfutarka ta M1 ce ko wata da ta biyo bayanta, amma ka ga `x86_64`, to ba kwamfutar ce ta canja ba, shel ɗinka ne, wato manhajar da ke karɓar umarninka a tagar, yake ƙarƙashin tafinta. Tabbatar da wannan umarni:

`sysctl -n sysctl.proc_translated`

Amsar 1 tana nufin ana fassarawa, 0 kuma tana nufin shel ɗin yana gudana kai tsaye. Wannan mataki ya fi yadda yake a ido muhimmanci, domin duk manhajar da aka tayar daga shel mai fassara takan gaji zaɓinsa. Idan manhajar tana ɗauke da zubi biyu, na x86-64 za ta zaɓa, kuma duk abin da ta girka ko ta gina zai fito da tsohon zubi. Ta haka ne akwatin zaɓin Rosetta guda ɗaya da aka yi wa alama tun da daɗewa yake gurɓata kayan aiki baki ɗaya. Je wurin manhajar Terminal ko iTerm2 a Finder, buɗe bayananta, ka cire alamar da ke cewa a buɗe ta da Rosetta, sannan ka rufe ta gaba ɗaya ka sake buɗewa.

Kada ka tsaya a nan, domin editan da kake rubuta kod a ciki yana da tasa tagar umarni. Idan Visual Studio Code ɗin da ke kwamfutar bugun Intel ne da aka kwaso daga tsohuwa, tagarsa ta ciki ma ƙarƙashin tafinta take, ko da ta waje tana lafiya. Na taɓa shafe yini biyu a kan aikin da yake ginuwa a wata taga ya ƙi ginuwa a wata, ina ta sake girka laburare ɗaya, kafin na rubuta `uname -m` a tagogin biyu na ga amsoshinsu sun bambanta. Tun daga lokacin nake fara kowane bincike da wannan umarni. Activity Monitor yana da layin da ke nuna ko manhaja ta Apple ce ko ta Intel, kuma duba shi sau ɗaya ya isa ka ga waɗanda suka rage.

A Windows, rubuta `$env:PROCESSOR_ARCHITECTURE` a PowerShell. Amsar da ake so ita ce `ARM64`. A Linux akwai wani tarko na daban, musamman a Raspberry Pi, inda kanel, wato zuciyar tsarin, kan kasance mai bit 64 alhali sauran tsarin mai bit 32 ne. A nan `uname -m` zai ce `aarch64`, amma `dpkg --print-architecture` zai ce `armhf`. Amsa ta biyu ce take nuna irin ƙunshin da za a girka maka, kuma idan ita ka gani, mafita ita ce sake girka bugun tsarin mai bit 64.

Mataki na biyu: ƙidaya kayanka, ka girka su sabo

Shawarata a nan ba ta da kwana: kada ka kwafi kayan aikin da aka riga aka gina. Kwafi jerin sunayensu kawai. A tsohuwar kwamfutar, `brew bundle dump` zai rubuta maka fayil mai suna `Brewfile` da ke ɗauke da duk abin da Homebrew, manhajar girka kayan aiki a Mac, ya girka, `pip freeze` zai ba ka jerin na Python, `npm ls -g --depth=0` kuma na Node.js. Idan kuwa an riga an yi ƙaura da Migration Assistant, to ka sani foldar `/usr/local` ta biyo ka da duk abin da ke cikinta, kuma sai ka bincika abin da kake da shi:

`for k in python3 node go cmake git; do file -L "$(command -v $k)"; done`

Kowane layi zai nuna `arm64`, ko `x86_64`, ko duka biyun. Kayan da suka zo da macOS kansa sukan nuna `arm64e`, wannan daidai ne.

Daga nan sai ginshiƙi. A Mac, `xcode-select --install` zai kawo kwamfailar Clang (kwamfaila ita ce ke juya kod zuwa umarnin furosesa) da sauran kayan gini. Sannan a girka Homebrew daga shel ɗin da aka tabbatar ba ya ƙarƙashin tafinta. Homebrew ya fara goyon bayan sabuwar furosesar a hukumance da bugu na 3.0 a Fabrairu 2021, kuma da gangan aka raba mazauninsa biyu: na Intel yana `/usr/local`, na ARM64 yana `/opt/homebrew`. Bayan girkawa, saka wannan layi a fayil ɗin `~/.zprofile`:

`eval "$(/opt/homebrew/bin/brew shellenv)"`

Buɗe sabuwar taga ka rubuta `brew --prefix`, ka tabbata sabon mazaunin ya fito. Sannan `which -a python3` zai jero maka duk Python ɗin da ke hanyar bincike bisa tsarin fifikonsu, kuma wanda ke sama shi ake kira. Idan na `/usr/local/bin` ya riga na `/opt/homebrew/bin`, gyara jerin `PATH`, wato hanyar binciken, kafin ka taɓa komai. Bayan haka `brew bundle` zai karanta `Brewfile` ya girka komai da sabon zubi.

Akwai wani abu a nan da ke cin mutane da yawa. Kwamfaila takan duba `/usr/local/include` da `/usr/local/lib` da kanta ba tare da an gaya mata ba, amma ba ta duba `/opt/homebrew` sai an nuna mata. Sakamakon haka iri biyu ne. Ko dai ta ce ba ta ga fayil ɗin da ka san ka girka ba, ko kuma, wanda ya fi wahalar ganewa, ta tsinci tsohon laburaren Intel da ya rage a `/usr/local/lib`, ta yi gargaɗin cewa ta yi watsi da shi, sannan ginin ya faɗi da `symbol(s) not found for architecture arm64`. Saƙon ƙarshe ne ake gani, amma gargaɗin da ke can sama shi ne mai bayanin gaskiya. Don haka buɗe `~/.zshrc` da `~/.zprofile` ka nemi duk inda aka rubuta `/usr/local` da hannu a cikin `LDFLAGS` ko `CPPFLAGS` ko `PKG_CONFIG_PATH`, ka maye gurbinsa da abin da ba ya dogara da mazauni, misali `$(brew --prefix openssl@3)`. Idan ba ka da sauran buƙatar tsohon Homebrew, cire shi gaba ɗaya ya fi barinsa.

Mataki na uku: harsunan rubuta manhaja

Umarnin `file` ba ya isa a nan, saboda wasu kayan, irin su `java` da `rustc` da waɗanda `pyenv` ke kula da su, ƙofa ce kawai da ke miƙa ka ga wani fayil na daban. Gara a tambayi kowane harshe da bakinsa.

Python ya samu mai girkawa na macOS mai zubi biyu tun bugu na 3.9.1. Tambaye shi da `python3 -c "import platform; print(platform.machine())"`. Yawancin wahalar Python tana cikin ƙunshin da ke ɗauke da kod na C a ciki, irin su NumPy da Pillow da cryptography. Irin waɗannan sukan zo a gine, kuma sunan fayil ɗin yana faɗin zubinsa, kamar `macosx_11_0_arm64` ko `manylinux2014_aarch64`. Idan bugun da aikinka ya ɗaure kansa da shi ya tsufa har babu ginanne na ARM64, `pip` ba zai tsaya ba, zai sauko da tushen kod ya fara ginawa, daga nan kuma sai dogayen saƙonnin kuskure game da kwamfaila. Hanyar gane masu laifin tun da wuri ita ce:

`pip install --only-binary=:all: -r requirements.txt`

Wannan zai tsaya a kan duk ƙunshin da ba shi da ginanne ya faɗi sunansa. Mafi yawan lokuta ɗaga bugun zuwa na baya-bayan nan ya wadatar. Masu amfani da conda su duba `conda info`, su tabbata dandalin da ya nuna `osx-arm64` ne ko `linux-aarch64`.

Node.js ya fara bayar da ginanne na Mac mai ARM64 da bugu na 16 a Afrilu 2021, kuma `node -p process.arch` zai gaya maka wanda kake da shi. Go ya shigo da bugu na 1.16 a Fabrairu 2021. `go version` yana rubuta tsarin da zubin a ƙarshen layi. A Rust, `rustc -vV` yana da layin `host`, kuma idan ya nuna tsohon zubi sai a gyara da `rustup set default-host aarch64-apple-darwin` a sake girka kayan. OpenJDK ya samu goyon bayan Mac mai ARM64 a bugu na 17, .NET kuma a bugu na 6, dukansu a 2021. Don Java, `java -XshowSettings:properties -version` zai nuna `os.arch`, kuma a tuna cewa edita da Gradle sukan bi `JAVA_HOME` ko saitinsu na kansu, wanda zai iya nuna wani Java daban da na tagar umarni.

Mataki na huɗu: share ragowar tsohon gini

Ko da kayan aiki sun zama sababbi, foldar kowane aiki tana ɗauke da abin da aka gina a baya. Goge `node_modules`, da foldar `venv`, da `target`, da `build` tare da `CMakeCache.txt` ɗin da ke cikinta, wanda ke tuna hanyar tsohuwar kwamfaila da tsoffin laburare. Saƙon da ke cewa `incompatible architecture`, yana nuna cewa `x86_64` ya samu alhali `arm64` yake buƙata, kusan koyaushe daga nan yake. `git clean -xdn` zai nuna maka abin da Git ba ya bibiya ba tare da ya goge komai ba. Karanta jerin da natsuwa, ka kwashe fayil irin `.env` da ke ɗauke da kalmomin sirri zuwa wani wuri, sannan ka maimaita da `-xdf`.

Mataki na biyar: kod ɗin kansa, idan na C ne ko C++

Wanda ke rubuta Python ko JavaScript zalla zai iya ratsa wannan sashe da sauri. Mai C da C++ kuwa, nan ne aikin gaske yake, domin kod zai iya ginuwa ba tare da ƙorafi ba kuma ya yi abin da ba a nufa ba.

A fara da tutocin kwamfaila. Duk `-msse4.2` ko `-mavx2` ko `-m64` da ke cikin fayil ɗin gini na x86-64 ne, dole a sanya shi ƙarƙashin sharaɗin zubi. A ARM64 tutar da ake amfani da ita don zaɓen furosesa ita ce `-mcpu`. `-mcpu=native` ya dace da abin da zai gudana a kwamfutarka kaɗai, `-mcpu=neoverse-n1` ya dace da sabobin Graviton2 da Ampere Altra, abin da za a raba wa jama'a kuma gara a bar shi a `-march=armv8-a`. Idan aka gina da umarnin da wata furosesa ba ta sani ba, manhajar za ta mutu a can da saƙon `Illegal instruction`. Kod ɗin da ke kiran umarnin SSE ko AVX kai tsaye ta `immintrin.h` ba zai ginu ba sam. Takwaransu a ARM64 shi ne NEON, kuma laburaren SIMDe da sse2neon suna ba da damar ci gaba da tsohon rubutu kafin a samu lokacin sake shi. A raba hanyoyin da `#if defined(__aarch64__)` da `#if defined(__x86_64__)`, a kuma bar hanya ta uku ta C zalla don zubin da ba a yi tsammani ba.

Sai batun `char`. Ƙa'idar harshen C ba ta yanke ko `char` yana ɗaukar lamba ƙasa da sifili ba. A x86-64 yana ɗauka, a Linux na ARM64 ba ya ɗauka, a macOS na ARM64 kuma yana ɗauka. Duba wannan:

`char c; while ((c = getchar()) != EOF) putchar(c);`

A x86-64 wannan layi yakan yi aiki shekara da shekaru. A Linux na ARM64, ƙimar -1 da ke nuna ƙarshen fayil takan koma 255 da zarar an zuba ta a `c`, kwatancin ba zai taɓa cika ba, manhajar kuma za ta yi ta zagaye har abada. Gyaran shi ne a mayar da `c` ya zama `int`. Darasin da ke ciki ya wuce wannan layi: gwaji a Mac ba ya wakiltar gwaji a sabar Linux, ko da zubinsu ɗaya. Haka abin yake ga `long double`, wanda yake bit 80 a x86-64 na Linux, bit 128 a Linux na ARM64, bit 64 a Mac na ARM64. Za ka iya farauto matsalar `char` tun a tsohuwar kwamfuta ta hanyar ginawa da `-funsigned-char` ka gudanar da gwaje-gwajenka.

Mafi haɗari a ganina shi ne tsarin jeren rubutu a ma'adana. Ɗauki zare biyu, wato sassa biyu na manhaja ɗaya, masu gudana lokaci guda. Na farko ya rubuta bayani, sannan ya ɗaga tuta cewa ya gama. Na biyu yana jiran tutar, da ya gan ta sai ya karanta bayanin. Furosesar x86-64 tana tabbatar da cewa rubutu biyun za su bayyana ga sauran zare bisa jeren da aka yi su, shi ya sa kod da yawa marar kulle ya daɗe yana aiki bisa sa'a. ARM64 ba ta ɗauki wannan alkawari ba, tana da 'yancin barin tutar ta bayyana kafin bayanin. Kuskuren ba ya zuwa kullum, yakan zo ne jefi-jefi lokacin da aiki ya yi yawa, kuma ba ya fitowa ƙarƙashin Rosetta, domin furosesocin Apple suna da yanayi na musamman da ke kwaikwayon jeren x86-64 ga manhajar da ake fassarawa. Kalmar `volatile` ba ta magance shi a C da C++. Abin da ke magance shi shi ne `std::atomic`, tare da `memory_order_release` wajen ɗaga tuta da `memory_order_acquire` wajen karanta ta, ko kuma kulle na yau da kullum. Gina gwaje-gwaje da `-fsanitize=thread` yana fallasa yawancin irin wannan, kuma ina ganin bai kamata a saki manhaja mai zare da yawa a ARM64 ba tare da an bi ta wannan hanya ba.

Ƙananan abubuwa biyu suka rage. Girman shafin ma'adana a x86-64 bayit 4096 ne, har mutane suka saba rubuta lambar da hannu. A Mac na ARM64 bayit 16384 ne, wasu tsarin Linux kuma suna amfani da 65536. `getconf PAGESIZE` zai nuna naka, a cikin kod kuma `sysconf(_SC_PAGESIZE)` ake kira. Na biyu, ARM64 tana da umarnin da ke haɗa ninkawa da tarawa wuri guda, kuma kwamfaila takan yi amfani da shi, lamarin da ke canja lambar ƙarshe a lissafi mai ɗigo. Idan gwaji ya faɗi da ɗan bambanci kaɗan, gwada `-ffp-contract=off` don tabbatar da dalilin, sannan ka gyara gwajin ya yarda da ɗan rata maimakon neman daidaito cif.

Wanda zai raba manhaja ga masu Mac iri biyu yana buƙatar fayil mai zubi biyu. `clang -arch arm64 -arch x86_64 main.c -o manhaja` zai samar da shi, a CMake kuma `-DCMAKE_OSX_ARCHITECTURES="arm64;x86_64"`, sai a duba da `lipo -archs manhaja`. Sharaɗin shi ne duk laburaren da aka haɗa su ma su kasance masu zubi biyu, alhali na Homebrew zubi ɗaya suke zuwa. A kuma sani cewa macOS ba ya gudanar da kod na ARM64 marar sa hannu. Mai haɗa fayil yakan sa hannun da kansa, amma idan wani mataki ya taɓa fayil ɗin bayan haka, za a kashe manhajar da zarar ta tashi, kuma `codesign --force -s - manhaja` yana mayar da hannun.

Mataki na shida: kwantena

Docker a Mac yana gudana ne cikin ƙaramin Linux mai zubin kwamfutar, kamar yadda `docker run --rm alpine uname -m` zai nuna. Ma'ana duk hoton da ka gina, wato ƙunshin da ake tayar da kwantena daga gare shi, ba tare da faɗin dandali ba na `linux/arm64` ne, kuma idan aka kai shi saba mai x86-64 zai faɗi da `exec format error`. Maganin shi ne a gina duka biyun ƙarƙashin suna ɗaya:

`docker buildx create --use`

`docker buildx build --platform linux/amd64,linux/arm64 -t suna/manhaja:1.0 --push .`

Kowace saba za ta jawo wanda ya dace da ita. Kafin wannan, duba hotunan da kake dogara da su da `docker buildx imagetools inspect`, domin idan hoton tushe ba shi da na `arm64`, naka ma ba zai samu ba. Nemi kuma duk layin `curl` ko `wget` a `Dockerfile` da ke da `amd64` a adireshinsa, ka maye gurbinsa da `$TARGETARCH`. Ginin ɗaya zubin yakan bi ta kwaikwayo, wanda ke da nauyi ƙwarai. Ga harshen da ya iya gina wa wani zubi da kansa, kamar Go, ana iya kauce wa wannan:

`FROM --platform=$BUILDPLATFORM golang:1.22 AS gini`

`ARG TARGETARCH`

`WORKDIR /src`

`COPY . .`

`RUN CGO_ENABLED=0 GOOS=linux GOARCH=$TARGETARCH go build -o /manhaja .`

Layin farko ya ce kwamfaila ta gudana da zubin kwamfutar da ke ginin, na ƙarshe kuma ya ce ta fitar da fayil na zubin da ake nufi. Wasu sukan saka `DOCKER_DEFAULT_PLATFORM=linux/amd64` a saitin shel don su huta. Ban goyi bayan barinsa dindindin ba, saboda yana mayar da kowace kwantena ƙarƙashin tafinta, kuma bayan wata shida ba wanda ke tuna an saka shi.

Mataki na bakwai: idan ba ka da kwamfutar ARM64, da kuma gwajin kai tsaye

Mai Debian ko Ubuntu a x86-64 zai iya farawa tun kafin sabuwar kwamfuta ta zo hannu. `sudo apt install gcc-aarch64-linux-gnu qemu-user` zai kawo kwamfailar da ke gina wa ARM64 da kuma mai kwaikwayo. A gina da `aarch64-linux-gnu-gcc main.c -o manhaja`, a gudanar da `qemu-aarch64 -L /usr/aarch64-linux-gnu ./manhaja`. Wannan zai kama matsalar tutoci da ta `char`, amma ba za a dogara da shi wajen kama matsalar jeren ma'adana ba, tunda furosesar da ke ƙasa har yanzu x86-64 ce, kuma ba a auna sauri da shi.

Saboda haka dole gwajin da ke gudana bayan kowane canji ya haɗa da na'urar ARM64 ta gaske. A GitHub Actions, `macos-14` ya fara gudana a furosesar M1 a 2024, `ubuntu-24.04-arm` kuma ya samu ga ayyukan da ke buɗe ga jama'a a 2025. Sanya zubin biyu a jadawalin gwaji, ka saka `runner.arch` cikin sunan ma'ajiyar wucin gadi don kada ginin wani zubi ya gaji ragowar ɗaya, sannan ka sa matakin farko na kowane gudu ya rubuta `uname -m` a rahoto.

Zai yiwu bayan duk wannan ka tarar da kaya ɗaya ko biyu da ba su da bugun ARM64, kamar tsohon direban rumbun bayanai ko kwamfailar wata ƙaramar na'ura. Ga irin waɗannan, girka Rosetta da `softwareupdate --install-rosetta`, ka kira su da sani ta `arch -x86_64 sunan_umarni`, ka ware musu folda da muhallin Python nasu mai suna da ke nuna zubinsu, kada su shiga `PATH` na yau da kullum. Rubuta sunayensu a fayil ɗin bayanin aikin tare da dalilin barin kowanne, ka riƙa duba ko sabon bugu ya fito. A Yuni 2025 Apple ya sanar cewa macOS 26 ne na ƙarshe ga kwamfutocin Mac masu Intel, kuma Rosetta 2 za ta ci gaba da cikakken aiki har macOS 27, bayan nan sai a taƙaita ta ga wasu tsoffin wasanni. Duk kayan da ya rage a wancan jeri yana buƙatar magaji kafin ka ɗaga tsarin kwamfutarka ya wuce macOS 27.